Tambayi Likita: Baƙin Jinin Ƙaho, Zoɓo da Zuciyar Mai Jego

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan jini suka taru, kamar an haɗa baki. Na ɗauki guda huɗu, sauran sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Likita, duk lokacin da wanzami ya yi mini ƙaho, jinin da ke fita baƙi ƙirin ne, guda-guda. Ya ce mataccen jini ne da ya kwanta mini a baya. Da gaske akwai mataccen jini a jikin mai rai? Daga wani magidanci a Gusau.

AMSA: Malam, wanzaminka ya ga launi daidai, fassarar ce ta kauce. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa, da bango a tsakiya wanda ya raba dama da hagu. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗebo iskar oksijin, na hagu ya karɓe shi ya harba shi ko'ina a jiki. Abin da ke dakon iskar wani sinadari ne a cikin jajayen ƙwayoyin jini, ana ce masa himogulobin. In ya yi lodi sai jini ya zama ja jawur, in ya sauke kaya a tsoka ya juyo gida sai ya yi duhu. Wannan mai duhun ne ya fi yawa a abin da ƙaho ke tsotsowa, kuma da ransa. Da an bar shi, da bai cika minti guda ba ya koma huhu ya sake ja, don jinin babban mutum wajen lita 5 ne, kuma kusan adadin da zuciya ke turawa ke nan kowane minti in mutum yana hutawa.

Gudajin kuwa, ka tuna jinin ragon layya a ƙasa: kafin a gama fiɗa ya zama kamar hanta. Haka jini yake, da ya bar jijiya sai ya daskare, kuma da wannan ne rauni ke tsayar da zubar jini.

Ƙwayoyin jini suna tsufa, ba shakka. Jar ƙwaya takan yi kwana 120, sannan saifa da hanta su tsince ta, a mayar da sinadarin ƙarfen da ke cikinta ɓargo a ƙera sabuwa. Ba ta zuwa ta kwanta a gadon bayan kowa.

Wani abin sha'awa, likitan da ya fara bayyana cewa jini sai ya ratsa huhu kafin ya isa ɓangaren hagu shi ne Ibn Nafis, mutumin Sham da ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu a 1288. Sai a 1628 William Harvey na Ingila ya fito da bayanin zagayen jini gaba ɗaya.

Ban ce ka bar ƙaho ba. Amma ka sa ido a buɗe sabuwar reza a gabanka, don ciwon hanta da ƙanjamau suna iya bi ta aska. Mai sikila, da mai ƙarancin jini, da mai shan maganin tsinka jini, su nemi shawarar likitansu tukuna.

TAMBAYA: An ce jinina ya yi ƙasa a wajen awo. Ƙawata ta ce in dage da zoɓo da lemon malt haɗe da madara. Zai wadatar? Daga wata mai juna biyu a Maraɗi.

AMSA: 'Yar'uwa, jan zoɓo da jan jini hanyar jirgi daban ta mota daban. Malt da madara kuma sukari ne ya fi yawa a ciki, za ki ji ƙarfi na ɗan lokaci, jini yana nan inda yake. Ɓargo sinadarin ƙarfe yake nema: hanta, nama, kifi, wake, alayyafo, zogale. Ki haɗa da lemon zaƙi ko gwaba, suna taimaka wa hanji ya tsotse shi, ki kuma nisanta shayi daga lokacin cin abinci don yana tare shi. Jajayen ƙwayoyin ƙarin jinin nan da ake ba ku a awo, waɗanda da yawanku ke jefawa ƙarƙashin katifa saboda tashin zuciya, su ne maganin. In bayan gida ya yi baƙi kada ki tsorata, aikinsu ne. A duba miki zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki, don ba a cika tulun da ke yoyo.

TAMBAYA: 'Yata ta haihu sati shida ke nan. Ƙafafunta sun kumbura, tana haki ko banɗaki ta je, da dare ba ta iya kwanciya sai a jingine, ga tari. Muna zaton sanyi ne ya shige ta, mun ƙara zafin ruwan wanka da kunun kanwa, amma abin gaba yake yi. Daga wata uwa a Funtuwa.

AMSA: Hajiya, don Allah ki ajiye wayar nan ki kai ta babban asibiti yau, kada a jira gobe. A tsayar da kanwar daga yanzu. Alamomin da kika lissafa na gazawar zuciya ne, kuma sai an yi mata hoton zuciya za a tabbatar.

Mai ciki jininta yakan ƙaru da kusan rabi, zuciya ta yi wata da watanni tana ɗaukar kayan da ya fi na kullum. A wasu matan, a watan ƙarshe ko a watannin farko bayan haihuwa, naman zuciyar sai ya saki, ɗakin hagu na ƙasa ya buɗe kamar tsohuwar jaka, ya kasa matsa jini yadda ya kamata. Jinin da ke zuwa daga huhu sai ya yi cunkoso, ruwa ya tsattsafo cikin huhun. Shi ya sa in ta miƙe a gado take jin kamar an danne ta, in ta zauna ta ɗan samu sauƙi. Ruwan da ya rage ya gangara ƙafa.

Ba na manta wata yarinya da aka kawo mana tsakar dare, haihuwar fari, an tara mata matasai uku a baya, tana magana kalma ɗaya-ɗaya tana jan numfashi. Na danna yatsa a ƙwaurinta na ɗaga, ramin ya tsaya kamar an danna tuwo. Kakarta na gefe da fulas ɗin kunu, ta rantse ba a taɓa fashin ba ta ba. Da zuciya ɗaya take faɗi, ita a ganinta kulawa ce.

Wannan ciwo ana samunsa ko'ina a duniya, amma ƙasar Hausa na cikin wuraren da ya fi yawa. Tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da alaƙarsa da al'adun jego: kunun kanwa, wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa dangin gishiri ce, tana sa ƙoda ta riƙe ruwa, zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata ya ƙara wa zuciya gudu. Ba su kaɗai ke jawo shi ba, hawan jini lokacin ciki ma yana da hannu sosai, amma jakin da ya riga ya gaji ba a ƙara masa mangala. Wanka da ruwa mai ɗumi ya isa, kunu kuma a dama shi ba kanwa.

Mata da yawa zuciyarsu takan farfaɗo in an fara magani da wuri aka kuma jure shansa. Ki ja kunnen surukinki: kada ta sake ɗaukar ciki sai likitan zuciya ya duba ya yarda, don ciki na gaba yana iya dawo da ciwon fiye da na farko.

TAMBAYA: An nemi in ba ƙanina jini leda ɗaya, ina tsoron kada nawa ya ƙare. Kuma ni O ne, wadda zan aura ma O ce, ashe ba ruwanmu da sikila? Daga wani ɗalibi a Kano.

AMSA: Ɗan samari, leda ɗaya wajen mililita 450 ce, ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na jininka ba. Ruwan yakan dawo cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin kuma ɓargo ya mayar da su cikin makonni, kuma ba za a ɗiba ba sai an gwada an ga kana da isasshe. Ka ci abinci, ka sha ruwa, ka je.

Tambayarka ta biyu ta fi damuna, don kun haɗa gwaji biyu. A, B, AB da O rukunin jini ne, wanda Karl Landsteiner ya buɗe ƙofar saninsa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1901, amfaninsa sanin jinin wa za a ƙara wa wa. Sikila kuwa gwajin jinotayif ne ke nuna ta: AA, AS ko SS. Mai O yana iya zama AS. In ku biyun AS ne, kowane ciki da za ta ɗauka yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, kuma lissafin sabo yake komawa a kowane ciki, ba wai in an samu ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Ku je ku yi gwajin a asibitin da aka amince da shi kafin a kai kuɗin gaisuwa, kuma kowa ya karɓi takardarsa da hannunsa.