Kwamfutar da ka tura gida ba ta mutu ba, kada ka taɓa kuɗin igama

Wasiƙar wannan makon daga Jidda ta zo, daga wani ɗan'uwa mai aiki a sito. Ga abin da ya ce a taƙaice:

"Malam, na yi ta tari ina sayen kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, na aika wa ƙanena a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim don ya buɗe shagon buga takardu da katin biki da haɗa bidiyon aure. Furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) Ryzen 5 5600 ce, bodi (faifan da ake soka duk kayan a jikinsa) B550, ram (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) DDR4 guda biyu masu giga 8, a kwalinsu an rubuta gudun 3600. Shi da abokinsa suka haɗa, ta tashi lafiya, ya yi mako uku yana aiki da ita. Sai ya ga ram na nuna gudun 2133, ya zaci an cuce ni a kasuwa. Ya kalli bidiyo a YouTube, ya shiga BIOS (wurin saita bodi) ya kunna XMP (tsarin ƙara wa ram gudu), bai tsaya nan ba ya ɗaga zuwa 4000. Tun ranar fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin. Wani mai gyara da aka kira a waya ya ce bodi da furosesa sun ƙone, a turo naira 180,000. Kawuna na kirana safe da yamma, wai an kama shago an yi fenti, kada a yi mana dariya a gari. Innarmu ta ce ɗan'uwanka ne. Kuɗin hannuna na sabunta igama ne, takardar izinin zamana a Saudiyya, saura mako shida ta ƙare. Akwai wanda ya ce in ba shi rabi zai sabunta mini ta bayan fage, sauran in tura gida. Barci ya gagare ni."

Ƙanina, Allah ya yaye maka. Kwantar da hankalinka, don a cikin abin da ka rubuto ban ga alamar ƙonewa ba. Ba ka ce an ji ƙauri ba, ba ka ce an ga hayaƙi ba, fanka ma tana juyawa. Kwamfutar da ta yi mako uku tana aiki, aka sauya lamba ɗaya a BIOS ta ƙi tashi, lambar nan ita ce abar zargi ta farko. Jaki ne aka labta wa kaya fiye da ƙarfinsa ya durƙushe, a sauke kayan a gani kafin a ce ya mutu.

Ba a cuce ka a kasuwa ba. Haka ram ɗin DDR4 yake: duk wanda ka sa sabo, a ƙaramin gudu yake tashi, galibi 2133 ko 2400, a kan wuta bolt 1.2, saboda ma'auni ne da aka tsara don kowane bodi ya iya karɓa. Lambar 3600 da ke jikin kwali gudu ne da kamfanin ya gwada, ya adana tsarinsa a cikin ram ɗin, kuma sai an kunna XMP ake samunsa, wutar ma ta hau zuwa 1.35. Wasu bodin na ASUS suna kiran abin DOCP, duk ɗaya ne. To amma sashen da ke juya ram a cikin furosesa yake, kuma AMD gudun 3200 ta amince wa wannan furosesar a hukumance. Yawancinsu suna ɗaukar 3600 ba gardama. Amma 4000, a kan ram ɗin da ba a gwada shi a nan ba, ganganci ne. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, bodi yana fara gwada ram da lambobin da aka ba shi kafin ya nuna komai a allo. In gwajin ya faɗi, nan zai tsaya. Wasu bodin in sun gwada 'yan lokuta sun kasa sukan koma tsohon tsari da kansu, wasu kuwa sai an sa hannu.

Sa hannun ba ya cin ko kwabo. Ka kira ƙanenka kiran bidiyo da rana, ba kawu a wajen, ba 'yan kallo. Ya kashe makunnin da ke bayan akwatin, ya zare wayar wuta daga bango, ya danna maɓallin kunnawa ya riƙe na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita. Ya taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ya taɓa komai a ciki, musamman in hunturu ne, don busasshiyar iska tana tara wuta a jikin mutum, irin wadda ke tartsatsi in an cire rigar sanyi. A kan bodin zai ga batir zagayayye kamar kwabo, an rubuta CR2032 a jikinsa. Wani lokaci katin hoto, wato katin da ke fitar da hoto zuwa allo, yana rufe shi, sai an cire katin. Ya danna ɗan ƙarfen da ke riƙe da batirin ya fito da shi, ya bar shi waje kamar minti biyar, ya mayar da fuskar rubutun tana sama. In ya fi son gajeriyar hanya, akwai allurai biyu a bodin da aka rubuta CLR_CMOS ko CLRTC ko JBAT1 a gefensu, gwargwadon kamfani. Ya haɗa su da bakin sukundireba na daƙiƙa goma, wuta a zare. Wannan yana shafe lambobin da ya sa, BIOS ya koma yadda ya fito daga kamfani. Ayyukansa da hotunan mutane da ke cikin kwamfutar ba abin da zai same su, agogo ne kawai zai rikice ya gyara.

Da ya kunna, ya yi haƙuri ya ba ta minti biyu zuwa uku. Tana iya mutuwa ta sake tashi da kanta sau ɗaya ko biyu, aikinta take yi. Mutane da yawa a nan suke fizge waya su ce ba ta yi ba. Kuma ya duba inda ya soka wayar allo: wannan furosesar ba ta fitar da hoto da kanta, don haka wayar a jikin katin hoto za ta shiga, ba a ramin da ke jikin bodi ba. Bayan kwanaki ana zarewa ana mayarwa cikin ruɗu, wannan kuskuren kaɗai ya isa ya sa lafiyayyar kwamfuta ta zama gawa a idon mai ita.

In har yanzu shiru, ya sake zare wuta ya cire ram duka biyun. Ya mayar da guda ɗaya tak a rami na biyu in an ƙirgo daga wajen furosesa, wanda ake rubuta wa A2, ya danna sosai har ya ji ƙas. Bai tashi ba, ya sauya da ɗayan. Da yawa daga bodin B550 suna da ƙananan fitilu huɗu a gefe, an rubuta CPU, DRAM, VGA da BOOT; wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda tafiya ta tsaya. In ɗaya ya tashi ɗaya ya ƙi, to ram guda ne ya lalace, kuɗinsa kuwa bai kama ƙafar abin da aka yanka maka ba, kuma kamfanonin ram da yawa suna ba da doguwar garanti, sai ka nemo rasit ɗinka. In duka biyun lafiya, su zauna a rami na biyu da na huɗu.

Tambaya ɗaya za ka yi masa cikin lalama: ya taɓa lambobin wuta da hannunsa? Gudu kaɗai da wuya ya ƙona wani abu, amma wanda ya ɗaga bolt ba sani yana iya yin ɓarna ta gaske. In ka yi masa tsawa zai ɓoye maka, kai kuma gaskiyar kake bukata. Yaron nan kishin kuɗinka ne ya kai shi, ya ga 2133 ya ɗauka an zalunci yayansa. A yi masa faɗa daidai laifinsa.

Bayan ta tashi, ra'ayina shi ne ya bar ta a 3200, ko ya kunna XMP ya tsaya a 3600 ɗin da aka rubuta, sannan ya sa manhajar gwajin ram ta MemTest86 a filash ya bar ta ta yi zagaye a ƙalla huɗu. Kuskure ko ɗaya ya fito, ya sauko. Mai katin ɗaurin aure da ya zo ranar kasuwar Gujungu ba zai taɓa gane bambancin 3200 da 4000 ba, amma zai gane in kwamfuta ta mutu ana tsakar aikinsa. Sabunta BIOS kuwa kada ya kusance shi a kan wutar gari ko ƙaramin janareta. Wuta ta ɗauke ana tsakiya, a nan ne bodi ke lalacewa da gaske. Kai ma a nan da naka: ka sayi kayan kwamfuta masu tsada, ban ji ka ambaci UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke) ko sitabilaiza ba. In akwai abin da ya cancanci ka tura wa kuɗi nan gaba, shi ne.

Mai gyaran da ya gano ƙonewar bodi da furosesa ta wayar tarho, bai ga kwamfutar ba, bai buɗe ta ba, wannan duba irin na boka yake yi, ba gyara ba. Na ga yadda ake yi ba sau ɗaya ba. A kai kwamfuta birni, a ce a bar ta a dawo jibi, a cire batir a mayar cikin minti biyar, a karɓi kuɗin sabon bodi. Mafi muni, na ga wanda aka zare wa sabon ram da furosesa aka sa masa tsofaffi, bai farga ba sai bayan watanni, don akwatin a rufe yake kuma kwamfutar na tashi. Akwai masu gyara na kirki a Kano da Dutse, ban ce babu ba. In ta kai ga zuwa wajensu, ƙanenka ya ɗauki hoton lambar jikin kowane kaya ya turo maka, ya tsaya a yi aikin a gabansa, kuma duk abin da aka ce ya mutu a gwada shi a wata kwamfutar yana kallo, a ba shi mataccen ya taho da shi gida.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka ba kwamfutar ba ce, mutumin nan ne mai cewa a ba shi rabi. Ka san tsarin ba sai na koya maka ba: igamar ma'aikaci ta hannun kafili, wato wanda ya ɗauke shi aiki, ake sabunta ta, a shafinsa na hukuma na Absher ko Muqeem, bayan an biya kuɗin izinin aiki da inshorar lafiya. A dokar ƙwadago ma kafili ne ya kamata ya biya, ko da yake na san irin yarjejeniyar da 'yan'uwanmu da yawa ke ciki. Wanda ba kafilinka ba, ba wakilin kamfaninku ba, da wace ƙofa zai shiga? Na san wanda ya biya irin wannan dillali, aka turo masa hoto a WhatsApp mai ɗauke da sabon kwanan wata, ya yi ta yawo da shi hankali kwance. A shingen bincike aka duba a na'ura aka ga igamarsa ta daɗe da mutuwa, daga nan sai Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora, daga Shumaisi sai jirgi, da kayan jikinsa. Wani kuma lambar sirrin da ke shigowa wayarsa aka ce ya karanto, aka yi hulɗa da sunansa, ya wayi gari da bashin da bai ci ba. Kada ka ba kowa fasfonka, kada ka karanta wa kowa lambar Absher ko ta Nafath, manhajar hukuma ta tabbatar da mutum. In kuɗin ne bai cika ba, ka zauna da kafilinka. Yanzu ana iya sabunta igamar ma'aikatan kamfani ta wata uku ko shida, ba dole sai shekara ba.

Ka gaya wa kawu wannan da ladabi amma a fili: in igama ta mutu akwai tarar riyal 500 a karon farko, 1,000 a na biyu, na uku kora ce. Banki yana rufe asusun wanda igamarsa ta ƙare, ba ya samun bizar fita da dawowa, ko turo kuɗi gida ta hanyar hukuma ba zai iya ba. Wato kuɗin da suke so ka tsinka shi ne ke riƙe da abincin gidan gaba ɗaya.

A nan ina bayanka, ba na bayan kawu. Mutanenmu na gida da yawa sun ɗauka riyal a bakin titi ake tsinta. Ba su ga mutum yana sauke kwali cikin zafin Jidda ba, ba su ga ɗakin da ake kwana kamar an jera buhuna ba, hoton Harami kawai suke gani. Kunyar da kawu ke gudu ta shago ce a rufe na mako biyu, wadda kowa zai manta da ita ran da aka buɗe. Wadda kake fuskanta ta dawowa ce hannu rabbana, kuma masu kiranka safe da yamma yau su ne za su fara cewa ya je ya dawo ba abin da ya tsinana. In zumunci ne, ai shi ma kawu yana da awaki. Bai sayar da ko ɗaya ba, aljihunka yake wa kyauta. Girmama babba wajibi ne, amma girmamawa ba ta ce ka jefa kanka a tarhil, gidan tsare waɗanda za a kora, don a ce an yi fenti ba.

Inna daban ce. Ita tsoronta kada 'ya'yanta su ɓata, ba ruwanta da bodi ko furosesa. Ka kira ta kai da kanka, ba ta bakin kowa ba, ka ce mata ba ka yi fushi da ƙanenka ba, kuna gyaran abin tare, kuma takardarka ta zama ce ke gabanka. Ka roƙi addu'arta. Uwa in ta ji ɗanta na cikin haɗarin kamu, ita ce za ta fara hana a taɓa kuɗin.

Daga yau kuma ka sa wa shagon ƙa'ida: ƙanenka ya riƙa ware wani abu daga cinikin kowane mako don gyara da tawada da takarda, kada ya zama duk abin da ya lalace sai an kira Jidda. Ya sa kalmar sirri a BIOS, abokin nan mai son gwaje-gwaje ya yi a tasa.

In kun yi duk wannan ba ta tashi ba, ka sake rubuto mini da cikakken sunan bodin, fitilar da ta tsaya a kunne, da abin da ya faru da aka sa ram ɗaya. Ko a lokacin ma igama za a fara biya, kwamfuta ta jira albashin wata mai zuwa.