Amsa kan bambancin 13D, 13R da 13

Malam, ka tambayi wanne za ka bi a gidan hayar da kake ginawa a Hotoro. Duk ƙa'idojin NFPA ne, wato ƙungiyar kare gobara ta Amurka, kan saka na'urar fesa ruwa mai kashe gobara da kanta a cikin gini. 13D ta gidan iyali ɗaya ko biyu ce, tanadin ruwan minti 10 kawai, wanda zai ishi kai biyu na feshi a lokaci ɗaya, manufar dai mutane su samu su fita da ransu, shi ya sa ake tsallake ƙaramin bayi da gareji. 13R ta benen gidajen zama ce har hawa huɗu, ruwan minti 30, kai huɗu a lokaci ɗaya. 13 kuwa har ginin take karewa, kuma wallahi tsada gare ta. Naka hawa uku ne, 13R kenan. Amma fa a Kano matsalar ruwa ce, tankin sama ba ƙarfi, sai famfo da janareta, in ba haka ba gobara ta tashi NEPA sun ɗauke wuta, famfon ba zai yi aiki ba.