Amsar Baffa ga ɗansa mai tafiya karatu Alƙahira

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka tambaya ko za ka ci gaba da tuɓe takalmi da durƙusa wa manya idan ka isa Masar, da yadda za ka yi da sallarka ta sadalu a sahun masu ƙabalu, da kuma ko ya dace ka amsa duk gayyatar abinci. Tambayoyin sun yi kyau, sai dai ka bar waɗanda suka fi su haɗari, zan ƙara maka su.

Durƙuso ka ajiye shi don dattawanmu da za ka tarar can. Bamisire bai san shi ba, zai ɗauka roƙo ka zo ko wani abu ya same ka. Girmamawarsu tana cikin kira. Dattijo a ce masa ya Hajj, mai ilimi ya Ustaz, malamin Jami'ar Azhar kuwa ɗalibai kan sumbaci kansa ko hannunsa. Sallama da musafaha da tambayar lafiya sau ɗaya sun wadatar, ba sai ka bi gajiya da gida da sanyi ɗaya bayan ɗaya ba. Sunkuyar da kai da muka koya maka ladabi ne a Sakkwato, amma gaban ma'aikacin ofis ka ɗaga kai, ka faɗi buƙatarka a fili, in bai ji ba ka maimaita. Mai jiran a lura da shi sai ya wuni a layi. In ka ji suna ɗaga murya a kasuwa kada ka zaci faɗa ne, ciniki ne.

Batun salla kada ya dame ka. Malikiyya ba baƙuwa ba ce a Masar. Ibnul Ƙasim, wanda ta hanyarsa ruwayar sadalu ta zo daga Imamu Malik, mutumin Masar ne, ya rasu a 191 bayan hijira, kuma har yau mutanen kudancin ƙasar da yawa Malikawa ne. Azhar tana karantar da mazhabobi huɗu. Amma Alƙahira nan ne kabarin Imamu Shafi'i, don haka za ka ji liman ya bayyana bisimilla kafin Fatiha, ya yi alƙunutun Asuba a bayyane bayan ya ɗago daga ruku'u, ya yi sallama biyu. Ka bi limaminka, ka riƙe abin da ka karanta. In wani ya kama hannunka zai ɗora maka a ƙirji, ka bari sai an sallame ka gaya masa kai Bamalike ne, kada ka ja gardama.

Gayyata kuwa iri biyu ce. Mai shago ko direba da ke cin abinci zai ce maka itfaddal, wannan bisimillar baki ce irin tamu, godiya ake yi a wuce. Wanda ya nace, ya sa rana da lokaci, shi ne da gaske yake. Ka je da ɗan kayan zaƙi a hannu, kuma kada ka taɓa faɗawa gidan mutum ba ka kira shi ba.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba. In ba ka sami ɗaki a masaukin ɗalibai baƙi na Azhar da ke Abbasiyya ba, haya za ka kama, galibi a Madinat Nasr inda ɗaliban Afirka suka yi yawa. Wata-wata ake biya, ba shekara ba. Za ka ba da kuɗin ajiya na wata ɗaya ko biyu, dillali ma yana da ladansa. Kada ka miƙa ko sisi sai an rubuta yarjejeniya da sunanka yadda yake a fasfo, kuma ka ɗauki hoton duk abin da ka tarar a lalace ranar da ka shiga, domin da irin wannan lalacewar ake cinye kuɗin ajiya ranar fita. Mai gadin bene, bawwab, yana da ɗan abin da ake ba shi duk wata. Ka kyautata masa, shi ya san mai gyaran famfo, shi kuma mai gida ke tambaya halinka.

Sanyinsu daga Disamba zuwa Fabrairu ne, kuma a nan al'adarmu take kisa. Kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu, kada ka kuskura ka yi shi a ɗakin bene mai rufaffiyar taga. Haka injin ɗumama ruwa mai aiki da gas, musamman in yana cikin banɗaki. Idan iska ba ta isa ba, wutar tana fitar da guba marar launi marar wari, mutum ya fara da ciwon kai da jiri, sai barci ya ɗauke shi. Ka duba harshen wutar, shuɗi shi ne lafiya, in ya koma rawaya a kashe a kira mai gyara. Bututun hayaƙin ya fita waje, taga kuma a bar ta a ɗan buɗe duk lokacin wanka.

Takardar zama, iƙama, ka fara neman sabunta ta tun da sauran makonni, don ofis ba ya sauri kuma jinkiri tara yake jawowa. Kwafin fasfo da katin makaranta su zauna a aljihunka. Katin rigakafin cutar shawara ya kasance a hannunka tun a filin jirgi. Kada ka ɗauki hoton 'yan sanda ko ginin soja. A jirgin ƙarƙashin ƙasa akwai taragun mata a tsakiya, ka duba alama kafin ka shiga.

Abinci ba zai wahalar da kai ba. Kuɓewa da lalo suna kasuwa, gajeriyar shinkafarsu kuma tana tuwo sosai. Kuka da daddawa da yaji ne za ka ɗaure daga gida. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, ka sayi adafta kafin ka tashi. Hutun mako Juma'a da Asabar ne, Lahadi ranar aiki ce. Agogonsu yana gaban namu da awa 1, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba kuma awa 2. Ka lissafa wannan kafin ka kira innarka, kada ka tashe ta tun asuba ba ta yi ba.