Tambayoyin Waya da Kwamfuta: Wace Rimar Kake Nema?

Malam, na rubuta "Rima" a Google ina neman bayanin koginmu don aikin makaranta, sai hotunan mata suka cika min waya. Ko an yi min kutse ne? Ɗalibi daga Runjin Sambo.

Babu wanda ya taɓa wayarka, ɗana, kai ne ka yi wa Google rowar kalmomi. Wannan ɗabi'a tana ci min tuwo a ƙwarya: mutum ya jefa haruffa huɗu ya naɗe hannu, yana jiran na'ura ta karanci abin da ke ransa.

A Sakkwato kaɗai ma Rima ba ɗaya ba ce. Ga kogin da aka gina madatsar Goronyo a kansa, ga gidan rediyo da talabijin na jiha, ga shaguna barkatai masu wannan suna. A ƙasashen Larabawa sunan mace ne, kuma Rima Fakih, 'yar asalin Labanon, ita ta lashe gasar sarauniyar kyau ta Amurka a 2010. Masana sararin samaniya ma da shi suke kiran dogayen tsagogin da ke jikin wata. Google yakan sa abin da aka fi nema a gaba, rubutun da ke intanet a kan koginmu kuwa bai taka kara ya karya ba.

Ƙara masa kalma biyu: Kogin Rima Sakkwato. In bai wadatar ba, gwada da Sokoto. In kana son jimla ta fito yadda ka rubuta ta, sa ta cikin alamar zance. Abin da ba ka so kuma, manna masa alamar ragi a gaba.

Haka za ka yi da Isa da Gada. Cikin ƙananan hukumominmu 23 suke, amma ɗaya sunan mutane ne ba iyaka, ɗaya kuma ko ta tsallake ruwa ko ta daji. A taswira ma a kula, akwai Illela tamu ta bakin iyaka, akwai wata a jihar Tawa ta Nijar.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne ajiye lambobi. Waya ɗaya "Bello" biyar, a garin da kusan kowane gida akwai Bello! Ranar tura kuɗi sai a zo ana salati. Rubuta Bello mai walda, Bello Tsohuwar Kasuwa, kuma ka karanta cikakken sunan da banki ya nuno kafin ka danna.

Wayata tana zafi da rana in ina caji. Wata uwa daga Mabera.

Hajiya, zafin Afrilu ya wuce digiri 40. Cire rigar wayar, ajiye ta a inuwa, a hana yara kallo tana kan caji.

WhatsApp ya cinye min wuri. Ɗan kasuwa daga Arkilla.

Alhaji, kashe saukar da bidiyo kai tsaye, ka fita daga rabin guruf ɗin nan da ba ka karantawa.