Amsar Kawu Kan Ɗora Hannu a Jikin Inji

Ɗana, saƙonka ya iso, sai da na sa ƙanwarka ta karanta min sau biyu ina dariya. Wai tunda yanzu a manhajar kwamfuta mai suna MATLAB kuke gina injin lantarki, ku kunna shi ku ga halinsa tun ba a yanka ƙarfe ba, mene ne amfanin al'adarmu ta hana yaro kunna injin da ya naɗa sai maigida ya zo ya ɗora hannu ya saurara? Har kana tambaya ko camfi ne. To, Allah ya shirya mana ku.

Injin da kake aiki a kansa ya burge ni. Babu maganaɗisu, babu waya a jikin ƙarfen da ke juyawa, haƙora ne zalla: shida a ciki, takwas masu koyil, wato naɗin waya, a waje. A ba koyil wuta ya jawo haƙorin da ke kusa, kafin su daidaita a yanke a ba na gaba. Ba sabon abu ba ne kuwa. Robert Davidson na Sikotilan ya ja jirgin ƙasa da irinsa a 1842, da batir, yana rarrafe mil 4 a awa. Su Peter Lawrenson na Jami'ar Leeds ne suka farfaɗo da shi wajen 1980, bayan an samu na'urorin da ke kunna wuta su kashe cikin ƙiftawar ido.

Ina yaro a Kakuri, zamanin da masaƙu ke aiki dare da rana, aka kawo mana injin da ya ƙone. Maigidana ya tafi jana'iza ya bar ni da shi. Na hura wutar gawayi na babbake tsohuwar wayar don ta fita da sauƙi, har ƙarfen ya yi ja. Na ƙirga naɗi, na rubuta a kwalin sukari, na naɗa sabuwar waya, na zuba banis, na gasa. Wallahi ko zagaye ɗaya ban kuskure ba. Zumuɗi ya hana ni jira, na kunna. Ya juya lafiya lau, har na fara taƙama a gaban sauran yara. Sai ga maigida. Ko hula bai cire ba ya dafa jikin injin, ya kafa sukudireba a kai ya kara ƙotar a kunne, ya ce in kashe. Shi da ya dafa ya ji zafi, ni da na ƙirga ban ji komai ba. Ashe wutar da na hura ta cinye shafen da ke tsakanin fallayen ƙarfen, suka manne, wuta tana kewaya a cikinsu tana dafa su. Bai buge ni ba. Cewa ya yi: "Sauri ya haifi nawa. Takarda ta san waya, ba ta san abin da ƙarfe ya sha ba." Kuɗin wayar nan wata uku ana cire min.

Shi ne kuma yake yawan cewa ƙarfe ciki gare shi, yana ƙoshi. Ai kai ma ka faɗa: lissafin farko ya ce ƙarfin juyi yana bin wuta ninki a ninki, amma da haƙoran suka haɗu ƙarfen ya ƙoshi da maganaɗisun da wutar ke haifarwa, sai lissafin ya karkace. Dole ku cika wa kwamfuta jadawali, kowace kusurwa da kowane awon wuta. Wasu kuma, ka ce, sukan ɗaure ƙarfen tsakiya ya kasa motsi, su ba shi wuta su auna, su ɗan juya su sake aunawa. To wannan ɗin mene ne sunansa in ba ɗora hannu ba?

Abin da ke damuna, yaran yanzu sai su ga zane ya yi santsi a allo su tashi su tafi cin abinci. Injin naka kuwa an san shi da ƙara da fizge-fizge, ka ce ma shi ne babban aibinsa. Ka taɓa tsayawa kusa da na gaske yana aiki, ko a hoto kuka saba?

Ban ce ka bar kwamfuta ba. Da ina da ita a lokacin, da wayar da na yi asara ba ta kai haka ba. In ka zo hutun Sallah ka taho da ita, ina so in ga yadda haƙoran nan suke bin juna. Sukudirebar maigidana tana nan a akwati. Ka gai da mahaifiyarka, ka ce mata zumar ta ƙare.