Glentress ranar Asabar: ka je, amma kada ka bi su jar hanya

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Barka da zuwa, ya sanyi?

Tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce 'yan ajinku sun gayyace ka hawan keken tsauni a dajin Glentress, kusa da garin Peebles a Sikotland, ranar Asabar, jar hanya za su bi, kai kuma keken da ke hannunka na hannu ne da ka saya don zuwa makaranta. Kana so ka san ko zai yi, ko akwai haɗari, yadda ake zuwa daga Edinburgh, da ko wuri ne da za a iya kai iyali. Sai ka rufe da cewa tun kana firamare kake tuƙa keke a Zariya, har sakin hannu kana yi. Wannan ta ƙarshen ce ta sa na zauna rubutu, don ni ma da irinta na je, na dawo hannu a rataye.

Ka je, wurin ya cancanci zuwa. Amma kekenka ka bar shi a gida ka yi haya a can, kuma shuɗiyar hanya za ka bi, ko da kai kaɗai ne.

Bari in fara da launukan nan, don nan ne mutanenmu ke ruɗewa. An kasa hanyoyin dajin kashi huɗu: kore, shuɗi, ja, baƙi. Da na fara gani na ɗauka ma'aunin ƙarfi ne, wato kore ta yara, shuɗi ta mata da tsofaffi, ja ta maza. Ashe ba haka ba ne. Abin da launin ke faɗa maka shi ne me tayarka za ta taka. Shuɗiya an shimfiɗa ta sumul da tsakuwa, tana da hawa da gangara da kwanoni (wuraren shan kwana), amma ba inda taya za ta bar ƙasa sai in kai ka so. Ja kuwa an saka mata duwatsu da gangan, ga saiwoyin itace a fili, ga wuraren da hanya ke yankewa ta faɗa ƙasa kamar matakala. Jar Glentress ta kai wajen kilomita 18, baƙar ta doshi 30, ita ce ke kai mutum har gindin eriyar Dunslair Heights, tsayin wajen mita 600. Ƙarfin ƙafa zai haura da kai kowane tudu a dajin nan. Saukowar ce ba ruwanta da ƙarfi.

Ni wani abokin aikina Bature ne ya fara kai ni, cikin watan Oktoba. Ya tambaye ni na iya keke, na yi dariya, na ce ai da keke nake kai markaɗe tun ban kai sirdi ba. Muka yi haya muka kama hawa, jar hanya muka bi. Fiye da awa guda muna tafiya sama, ina gaba yana baya yana haki, ni ko ina jin kaina. Muka isa saman gangaren da suke kira Spooky Wood, muka huta, ya ce in bi shi a hankali. Ban yi minti ɗaya da shiga ba na hango hanya ta ɓace a gabana, wani ɗan tsalle ne da bai kai gwiwa ba. Tsoro ya kama ni, na damƙe birki da yatsu huɗu kamar yadda na saba yi wa tsohon Raleigh ɗin babanmu. Keken ya tsaya cak, ni ban tsaya ba. Ta saman kansa na wuce, na dira da tafin hannu. Abin da na fi tunawa ba zafin ba ne, ƙarar tayar baya ce tana ta juyawa a sama ita kaɗai, da ɗanɗanon laka a bakina. Wuyan hannu ya tsage, mako shida ina rubutun digiri da hannu ɗaya. Jiki magayi.

Kuskure biyu na yi a daƙiƙa guda. Na farko, a Birtaniya birkin dama shi ne na gaba, na hagu na baya, ni kuwa ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wanne ne wanne ba. Na biyu, birkin kekunan nan na mai ne, irin tsarin na mota, yatsa ɗaya ya ishe shi. Saboda haka da an miƙo maka keken haya, kafin ka nufi ko'ina, ka yi ta zagaya filin ƙasa kana taɓa birkin nan da manuniya kaɗai har hannunka ya gane shi. Akwai wurin gwaji da aka yi don wannan, da 'yan duwatsu da kwanoni ƙanana. Za ka tarar da yara 'yan shekara bakwai suna wuce ka a ciki. Ka haɗiye girman kan, ka yi rabin awa tare da su.

Sauran abin da na koya daga baya, duk saɓanin tuƙin gari ne. A gari zaune kake, a gangare tsaye za ka yi a kan feda, ƙafafun biyu a daidai, duga-dugai a ƙasa, gwiwa da hannu a sake. Yawancin kekunan haya suna da wani ɗan maɓalli a kan keken da ke sauke sirdi, ka sauke shi kafin kowace gangara don kada ya tunkuɗo ka gaba. Birki kafin kwana ake yinsa, ba a cikinta ba. Kwanonin an tayar musu da gefe kamar kunyar gona, in ka yarda da kunyar ka kwanta mata ita za ta juyo da kai; akwai wani yanki na shuɗiyar, Berm Baby Berm, da kusan duk irin wannan ne, kuma har yau in na je sai na maimaita shi. Saiwa in ta jiƙe ta fi sabulu santsi, a miƙe ake haye ta, hannu ba ya kan birki. Ido kuma inda kake son zuwa, don itacen da ka ƙura wa ido shi za ka runguma. Taya ma haka: mu mun saba mai faci ya yi ta famfo sai ta zama dutse, nan sassauta ta ake yi don ta kama ƙasa. Kada ka ga ta yi laushi ka ce a ƙara iska.

In abokanka suka fara tsokana, ka tuna musu da watan Agustan 2023. A dajin nan aka yi gasar duniya ta tseren keken tsauni, Tom Pidcock ya ci ta maza, Pauline Ferrand-Prévot ta ci ta mata. Mathieu van der Poel, wanda bai cika mako da lashe gasar duniya ta kan kwalta a Glasgow ba, ya zame a wata kwana tun a zagayen farko, tserensa ya ƙare a nan. Shi ke nan fa, mutumin da keke ne sana'arsa.

Kekenka na gari kuwa, ba raini ba ne, ba don nan aka ƙera shi ba. Tayarsa siririya ce marar haƙora, birkinsa roba ce mai matse gefen ƙafa, da laka ta shiga sai ƙara ba kamu, ga madigadi da kariya da za su yi ta kaɗawa har kusoshi su zube. Na ga wani ɗan uwanmu da ya nace ya zo da irinsa, ya sauko da shi a kafaɗa, ƙafar gaba ta lanƙwashe kamar faifai. Kuɗin gyaran ya fi na hayar. Akwai shagon haya a ƙasan dajin kusa da wurin ajiye motoci, ka kama tun tsakiyar mako ta intanet, don Asabar cika yake yi. Ka ce musu karon farko ne, ka faɗi tsayinka, mai shokazoba a gaba kaɗai ya wadatar. Hular kwano ba a ciniki a kanta. Safar hannu ma ka sa, tafin hannu ne ke fara gaisawa da ƙasa.

Zuwa ba wuya. Babu jirgin ƙasa zuwa Peebles, an rufe layin tun 1962. Bas mai lamba X62 za ka hau daga Edinburgh, ta bi ta Peebles ta wuce ta bakin dajin a kan hanyar A72, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Ka gaya wa direba Glentress za ka sauka, daga titi 'yar tafiya ce a ƙafa. Shiga daji kyauta ne, mota ce ake biya wa wurin tsayawa. Dokar ƙasa ta 2003 ta ba kowa a Sikotland damar ratsa daji da tsauni a ƙafa ko a keke muddin bai yi ɓarna ba, abin da har maƙwabtansu na Ingila ke sha'awa.

Amma ka sani dajin gona ce ta katako. Hukumar Forestry and Land Scotland ke kula da shi, ana shuka ana sarewa, manyan motocin gungume na bin faffaɗan hanyoyin. In ka ga an tare hanya an sa alama, ka bi inda aka karkatar da kai, kada ka tsallake igiya. Guguwar Arwen ta Nuwamban 2021 ta kwantar da itatuwa ba adadi a yankin, wasu hanyoyin suka daɗe a rufe, tun daga nan na koyi duba shafin hukumar da sassafe kafin in fito. Siraran hanyoyin keken kuma gefe ɗaya suke tafiya. Kada ka juyo ka hau ta inda ake saukowa, in kuma za ka tsaya shan iska ka janye kekenka daga kan hanya gaba ɗaya. Wanda ya taho da gudu a bayanka zai yi magana, ba sai ka firgita ba, ka samu wuri mai faɗi ka ba shi.

Yanzu abin da Turawan ajinku ba za su tuna su gaya maka ba. Ƙarshen Nuwamba muke, rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, cikin itatuwan nan masu duhu kuwa tun uku da rabi ka daina ganin saiwa. Azahar wajen sha biyu take shiga, La'asar wajen ɗaya da rabi, Magariba kafin huɗu: salloli uku cikin awa huɗu, kuma su ne daidai awannin hawan. Ni yadda nake yi, in yi alwala a banɗakin ƙasa, in fita da wuri, in yi zagaye ɗaya in sauko Azahar, in ci abinci in jira La'asar, sannan in koma ɗan gajeren zagaye. Ka sa 'yar sallaya ta leda a jaka, ciyawar kullum a jiƙe take. Ban taɓa samun wanda ya dame ni ba, iyaka wani kare ya taɓa zuwa ya tsaya yana kallona har na sallame.

Tufafi kada ka sa jins ko wani abu na auduga, in ya sha ruwa ba ya bushewa, sanyi ya shige ka a gangare. Wando mai faɗin ƙafa kuma sarƙa ce za ta ci shi. Riguna marasa nauyi biyu ko uku, ta ruwa a sama, da cikakken canji a leda don dawowa, har da safa, in ba haka ba kai da kanka za ka ji kunyar zama a kujerar bas. Dabino da ruwa a jaka, shayi a fulas in kana da shi. Waya ka cika ta ka sa ta a aljihun ciki, sanyi na shanye batir, sabis kuma yana ɗaukewa a wasu kwaruruka. Turakun da ke nuna hanya suna da lambobi, ka riƙa lura da ta ƙarshe da ka wuce. In wani ya ji mummunan rauni, 999 za ka kira, ka nemi 'yan sanda, ka ce masu ceto na tsauni kake so, ka ba su lambar. Kaska sai da ɗumi take yawa, wannan sai bazara ma yi maganarta, amma ta nan tana sa cuta, ba a wasa da ita.

Iyali kuwa, ƙwarai. Sai dai ni ba cikin dajin nake fara kai su ba. Tsohon layin dogon nan an mayar da shi hanyar keke mai kwalta daga Peebles zuwa Innerleithen ta Cardrona, wajen kilomita 10, a shimfiɗe, tana bin gaɓar kogin Tweed, ba mota. Nan maiɗakina ta koma hawan keke bayan shekara da shekaru, da hijabinta, ta dai ɗaure gefensa kada ya shiga taya. Wannan hanyar kekenka na makaranta zai yi ta lafiya lau. In yaran sun saba sai koriyar hanya. Innerleithen ɗin kanta ka ratsa garin ka sha shayi, amma tsaunukanta ka bar wa masu su, can ne ake jan kekuna da mota zuwa sama mutane su sulalo da hular da ta rufe har haɓa. Shekarata ta huɗu ke nan ina zuwa kwarin nan, sau biyu na leƙa, na biyun da ƙafa na sauko rabinsa ina jan keke.

Abokan naka ba za ku rabu tun daga ƙasa ba, shuɗiya da ja suna haɗa hawa na farko, sai can sama kowa ya kama tasa. Ku tsayar da lokacin haɗuwa a gidan shayin ƙasa. In Allah ya kai mu Asabar ɗin ni ma ina da niyyar fita, bas ɗin safe zan bi. In kana so ka yi min magana ta gefe mu tafi tare, ina da hular kwano ta biyu da safar hannu, sai dai safar ta hagu ta ɗan yage a tafi, ka san dalili.