Yaya ake auna maganaɗisun tauraron da ba wanda ya je wurinsa?

Tambaya: Malam, na karanta cewa sababbin taurari suna da maganaɗisu mai ƙarfin gaske. Da me aka auna shi, alhali suna can nesa?

Amsa: Da haskensu. Ana tattara shi da madubin hangen nesa, a tura shi cikin na'urar da ke rarraba shi launi-launi kamar bakan gizo. A ciki za a ga siraran layuka baƙaƙe, inda sinadaran saman tauraron suka shanye haske. Pieter Zeeman ya gano a 1896 cewa maganaɗisu yana tsaga irin wannan layi ya zama uku ko fiye, kuma gwargwadon ƙarfinsa, gwargwadon tazarar da ke tsakanin layukan da suka tsage.

Sai dai ga sababbin taurari, irin waɗanda ake kira T Tauri masu shekara miliyan kaɗan, ba a cika ganin tsagar ƙarara ba. Layin kumbura kawai yake yi, ga shi juyawar tauraron ma tana kumbura shi. Shi ya sa masana suke komawa hasken infirared, wanda ido ba ya gani, kuma tsawon zangonsa (tazarar da ke tsakanin igiyar haske ɗaya da ta gaba) ya fi na hasken da muke gani. Idan tsawon zangon haske ya ninka huɗu, tsagar takan ninka 16, faɗin da juyawa ke jawowa kuwa huɗu kawai. Ana auna layukan ƙarfen titaniyom a tsawon zango wajen maikiron 2.2 (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na mita), a gwada su da na iskar kabon monoksaid a 2.3, waɗanda maganaɗisu bai cika taɓawa ba. Rarar faɗin da ke jikin titaniyom ita ce amsar. Akan samu gawus (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) 2,000 zuwa 3,000, na duniyarmu kuwa kusan rabin gawus ne.

Inda aiki ke ɓaci: iskar gas da ke zubowa kan tauraron tana ƙara haske, layuka su dushe. Wanda bai cire wannan ba, ko ya kuskure zafin tauraron, lissafinsa ya tashi a banza.

Tambaya: Ana iya sanin inda maganaɗisun ya fuskanta?

Amsa: Ana iyawa, da na'ura irin ESPaDOnS da ke kan dutsen Mauna Kea a Hawai, wadda ke auna murɗawar haske dama ko hagu, abin da ke nuna ko maganaɗisun ya fuskanto mu ko ya juya mana baya. A bi tauraron dare bayan dare har ya gama juyi, a zana taswira. Amma a kula, yankunan da suka fuskanci saɓanin juna suna soke juna, don haka ƙarfin da aka auna yakan fito ƙasa da na hanyar farko.